Yadda ake haƙo lakar fit a mayar da ita makamashi, bisa abin da Ruwanda da Burundi suka gwada

Ruwanda ba ta da bakin teku, ba ta kuma haƙo man fetur. Duk dizal ɗin da za a ƙona a ƙasar sai tanka ta ɗauko shi daga Mombasa ko Darussalam, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma yawancin gidaje har yau da itace da gawayi suke girki. Amma a cikin kwazazzaban da ke tsakanin tsaunukanta akwai wata baƙar laka da ake kira fit, wadda idan ta bushe take ci da wuta. Ragowar ciyayi ce da saiwoyi da suka mutu cikin ruwa, iska ba ta kai gare su ba, saboda haka ba su gama ruɓewa ba, suka yi ta taruwa shekaru dubbai. An ƙiyasta Ruwanda na da kimanin tan miliyan 155 na busasshiyarta a fili mai faɗin hekta 50,000, mafi yawa a fadamar kogin Akanyaru, kan iyakarta da Burundi.

Bayanin da ke tafe na jami'in gwamnati ne, ko ƙungiyar gama kai, ko ɗan kasuwar da aka nuna wa fadama aka ce akwai arziki a ƙarƙashinta. Zan faɗa tun yanzu: aikin fit aikin ruwa ne daga farko har ƙarshe. Kana so ka raba lakar da ruwanta, kana kuma so fadamar da mutane ke rayuwa a kanta ta riƙe nata. Yawancin matakan farko gwaji ne, kuma kowanne na iya ce maka ka tsaya nan.

Mataki na 1: Tabbatar fit ce, ba baƙar ƙasa ba

Ba kowace baƙar laka ce fit ba. Fit na samuwa ne inda ruwa ke kwance shekara zagaye. Shi ya sa fadamun ƙasar Hausa, waɗanda ke cika da damina su tsattsage da rani, galibi ba sa tara ta, don da zarar ƙasa ta sha iska ciyawar da ta mutu sai ta ruɓe ta ƙare. Baƙin yumɓun da ke fadamunmu na noman shinkafa ne da rake, ba na murhu ba.

Gwajin farko da hannu ake yi. Ka haƙa kamar rabin mita, ka damƙo lakar cike da tafin hannu, ka matse a hankali kana kallon abin da ke fitowa ta tsakanin yatsunka. Idan ruwa ne garau ya fito, ka buɗe hannu ka ga zaren ciyawa da saiwoyi ana gane su, to lakar ɗanya ce, ba ta nuna ba. Idan ruwan ya fito ja-ja mai duhu, wani ɓangare na lakar ya biyo shi, abin da ya rage a hannu ya yi laushi, ta yi tsaka-tsaki. Idan kuwa duka ta sulale ta tsakanin yatsu ba ruwa daban, ba ka ganin ko zare ɗaya, ta nuna sosai. Wani masani ɗan Suwidin, Lennart von Post, shi ya tsara wannan gwaji a shekarun 1920 zuwa matakai goma, daga H1 zuwa H10, har yau da shi ake aiki a fili. Ta makamashi ana so ta kai H5 ko ta wuce. Ɗanyar ta fi amfani a gadon renon tsirrai.

Sai ka murza kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni. In ka ji gurzar yashi, alama ce ta toka mai yawa. Ka busar da dunƙule ɗaya a rana: fit na gaske yana tsukewa, ya yi sauƙi a hannu, in ka sa masa wuta ya ci a hankali har ya zama toka. Yumɓu kuwa sai dai ya yi ja ya taurare.

Mataki na 2: Auna zurfi da faɗi

Ana raba fadamar gida-gida, a kafa turke kowane mita 50 ko 100, a kowane turke a soka sandar ƙarfe mai haɗe-haɗe har sai ta taɓa yashi ko yumɓun ƙasa. Hannu na jin bambancin, don sandar na nutsewa cikin fit ba wahala, sai ta cije. A wasu turakun a ɗebo samfuri daga sama, tsakiya da ƙasa, a sa a leda, a rubuta wuri da zurfi.

Lissafin ba wuya. Hekta ɗaya mai zurfin mita ɗaya tana ɗauke da laka kubik mita 10,000 (kubik ɗaya shi ne cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi), kuma kowane ɗaya, in an cire ruwa, abin da ke ciki bai fi kilo 100 ko sama da haka kaɗan ba. Wato kusan tan 1,000 na busasshiyar laka a hekta a kowane mita na zurfi. Daga nan ka cire gefen fadama inda ba zurfi, ka cire rabin mitan ƙasa da dole a bari, ka cire asarar da ruwan sama da iska za su yi. Wurin da zurfinsa bai kai mita biyu ba bai cancanci a kai masa injin haƙa ba.

Kada ka sa a lissafinka cewa za ta sake tsirowa. Fit na taruwa ne kusan milimita ɗaya a shekara. Mita ɗayan da za a kwashe cikin 'yan shekaru ya ɗauki kimanin shekara 1,000 yana haɗuwa.

Mataki na 3: Kai samfuri ɗakin gwaji

Abu huɗu kake nema. Ruwa, wanda ake ganewa ta busar da samfurin a tanda mai zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa. Toka, ta hanyar ƙona busasshen a kusan digiri 550 a auna abin da ya saura. Sai ƙarfin zafi, sai farar wuta.

Toka ita ce ke kashe kasuwa. Fit mai kyau tokarsa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Amma a ƙasa irin Ruwanda da Burundi, inda ake noma a jikin tsauni har ƙoli, ruwan sama na wanko ƙasa ya zuba a kwari, saboda haka tokar kan yi yawa, musamman a bakin fadama da gefen kogi. In ta doshi kashi 25, kana biyan kuɗin mota ne don jigilar ƙasa. Farar wuta kuma matsalar fadamun bakin teku ce: da an janye ruwa, iska ta taɓa ƙasar, sai ruwan da ke fita ya yi tsami ya kashe kifi da shuka.

Game da zafi, kilo ɗaya na fit da ba ruwa ko kaɗan yana ba da megajul (ma'aunin yawan zafi) 20 zuwa 22. Yadda ake sayar da shi, da ruwa kashi 35, yana saukowa kusan 12 ko 13. Busasshen itace yana ba da 15 zuwa 16, gawayi kusan 29. Wato buhun gawayi ɗaya sai an ba shi fiye da biyu na fit a nauyi. Duk wanda ya ce maka fit ya fi itace zafi, ka tambaye shi ruwan da ke ciki.

Mataki na 4: Tambayi ina ruwan fadamar ke zuwa

Wannan matakin masu zuba jari suka fi son tsallakewa, kuma shi ne ya fi tsada in an tsallake. Ruwanda ta ɗanɗana. Fadamar Rugezi da ke arewacin ƙasar ita ke shayar da tafkin Burera, daga nan ruwan ya juya tashar lantarki ta Ntaruka, ya shiga tafkin Ruhondo, ya juya ta Mukungwa. Shekaru ana yanka magudanai a Rugezi don noma da kiwo, ga ƙarancin ruwan sama, sai tafkunan suka janye. A 2004 wutar tashoshin biyu ta faɗi warwas, gwamnati ta koma hayar janaretocin dizal da tsada. Sai da aka hana noma a fadamar, aka toshe magudanai, aka sa ta cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, a 2005, sannan ruwa ya fara dawowa. Ba haƙar fit ce ta jawo wannan ba, amma magudanar mai haƙa da ta manomi aiki ɗaya suke yi wa fadama.

Saboda haka kafin a kafa ko shebur, a bi ruwan da ƙafa. Wa ke sha a ƙasa? Akwai gonakin shinkafa, akwai madatsa, akwai masunta? Su wa ke yankan ciyawar fadamar suna saƙa tabarma, su wa ke kiwo a gefenta da rani? Waɗannan mutane a zauna da su, a rubuta diyya, a nemi izinin hukumar kula da muhalli, wadda a Ruwanda ake kira REMA. A ra'ayina, fadamar da ba a taɓa taɓawa ba a bar ta kawai. Wadda ta cancanci a duba ita ce wadda aka riga aka janye wa ruwa, lakarta na ruɓewa a banza.

Akwai kuma lissafin hayaƙi, wanda ke shafar inda za ka samu rance. Dausayin fit kusan kashi 3 ne cikin 100 na doron ƙasa, amma kabon da ya adana ya fi na dukan dazuzzukan duniya. A ma'aunin kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, fit na fitar da tan 106 na iskar kabon a kowane terajul (megajul miliyan ɗaya) na zafi, kwal kusan 95, iskar gas 56. Ayilan, wadda ta kafa kamfanin Bord na Móna a 1946 ta yi shekaru tana ƙona fit don lantarki, ta rufe tashoshi biyu a ƙarshen 2020, kamfanin kuma ya sanar da daina haƙa a farkon 2021. Ƙasa mai tasowa na da hujjar cewa ƙasashe irin Ayilan sun ci nasu sun ƙoshi, amma bankunan da ke ba da bashi mai sauƙi ba sa sauraron wannan hujja kamar da.

Mataki na 5: Nemo mai saye kafin ka haƙa

Burundi ta kafa hukumar fit ta ƙasa, ONATOUR, a 1977, da burin rage sare itatuwa, kuma ta samu taimakon ƙwararru daga Ayilan da kuɗin Amurka. An so matan gida su karɓa, ba su karɓa sosai ba: yana da wuyar kamawa, yana hayaƙi mai wari, ga toka. Waɗanda suka zama masu saye na dindindin su ne barikokin soja, sai gidajen yari da makamantansu, wato wuraren da ake ɗora babbar tukunya a bar ta tana dahuwa sa'o'i. Wake, abincin yau da kullum a can, wutar da ba ta gaggawa yake so, kuma fit irin wutar da yake bayarwa ke nan.

Ruwanda ta bi ta lantarki da masana'anta. Akwai tashar Gishoma mai megawat 15 a gundumar Rusizi, kusa da kamfanin siminti na CIMERWA wanda shi ma ya yi amfani da fit. Sai babbar tashar Gisagara mai megawat 80 a bakin Akanyaru, wadda kamfanin Hakan na Turkiyya ya jagoranta, aka kashe mata kusan dala miliyan 350. Duka biyun a gindin fadama aka gina su, don fit kaya ne mai cika mota ba nauyin kirki, in tafiya ta yi nisa kuɗin dizal ya cinye ribar. Ka zana da'ira ta 'yan kilomita goma-goma kewaye da fadamarka. Makarantun kwana, masu gasa bulo, masana'antar shayi, gidajen burodi da ke ciki su ne kasuwarka.

Mataki na 6: Janye ruwa, amma da linzami

A share ciyawar sama, a tara ta gefe guda, za a neme ta daga baya. A yanka babbar magudana a kewaye don tare ruwan da ke gangarowa daga tsauni, sannan ƙanana a jere, tazarar mita 15 zuwa 20. Kowace magudana a sa mata ƙofar katako da za a iya ɗagawa a sauke, a bakin fita kuma a haƙa tafkin da laka za ta kwanta kafin ruwan ya shiga kogi. Fili kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya iya ɗaukar tarakta.

A janye wa yankin da za a yi aiki a kai kawai, ba dukan fadama ba. Indonesiya ta nuna abin da ke faruwa in an saki linzami. A tsakiyar shekarun 1990 aka yanka magudanai na dubban kilomita a Kalimantan ta Tsakiya don mayar da hekta miliyan ɗaya gonar shinkafa. Shinkafar ba ta yi ba, lakar ta bushe, ta kama wuta a 1997. A 2015 gobara ta ci kusan hekta miliyan 2.6 a ƙasar, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da dala biliyan 16. Wutar fit ta ƙarƙashin ƙasa take bi, tana iya makonni tana ci ba a ga harshenta, sai hayaƙi.

Mataki na 7: Yanka da shanya

A nan ne ribar take, a nan take zubewa. Ɗanyar laka kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Ka ɗauki kilo 100: kilo 10 ne kawai abin ƙonawa. Don ta sauko zuwa ruwa kashi 35, sai nauyinta ya koma kilo 15 da ɗoriya, wato kilo 85 na ruwa ya tashi. Ba injin da zai yi maka wannan da riba, sai rana da iska.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta tubali, wadda ƙaramar ƙungiya za ta iya. Da hannu, ana yanka lakar da shebur mai fiffike a gefe, dunƙule mai tsawon kamu ɗaya da rabi. Da inji, tarakta na jan na'urar da ke tono lakar, ta markaɗa ta, ta fitar da ita dogo-dogo a kan fili. Markaɗaɗɗiyar ta fi, don in ta bushe tana yin ɓawo mai tauri da ruwan sama ba ya ratsawa da sauƙi. Shanyar kusan irin ta tubalin ginin ƙasa ce: a shimfiɗa su a jere kada su taɓa juna, bayan mako ɗaya ko biyu in saman ya yi ɓawo a juya, sannan a jingina biyar ko shida tsaye, kawunansu haɗe, iska na ratsa tsakiya. Cikin mako uku zuwa shida, gwargwadon rana, sun isa ɗauka. Ka karya ɗaya ka gani: in tsakiyar ta yi duhu da sanyi, ta liƙe a farce, da saura. Busasshe yana karyewa da ƙara, in ka buga biyu su yi amo.

Ta biyu ita ce ta gari, ta manyan tashoshi. Inji na kankare santimita ɗaya ko biyu na saman fili, a bi da haro a juya, cikin kwana biyu zuwa huɗu a tara shi kunya-kunya da ruwa kusan kashi 50. Tana da sauri, amma ruwan sama na yini ɗaya ya isa ya mayar da aikin baya.

Kalandar ita ce shugaba. A Ruwanda babban rani daga Yuni ne zuwa tsakiyar Satumba, da wani gajere wajen Janairu. Abin da tasha za ta ci shekara guda dole a tara mafi yawansa cikin waɗannan watanni. Gishoma ta sha tsayawa da damina saboda busasshen fit ya yanke. Don haka girman tukunyar da za ka saya, ka auna shi da abin da za ka iya shanyawa a shekarar da rani ya gajarta, ba shekarar da ya yi kyau ba.

Mataki na 8: Ajiya

A tara a kan tudu, ƙarƙashin rumfa ko a rufe da tamfol, a bar gefe iska na shiga in tubali ne. Tarin gari yana zafi da kansa daga ciki har ya kama wuta, saboda haka a danne shi sosai, a riƙa soka ma'aunin zafi, in ya doshi digiri 70 a buɗe wurin a baza. Ba shan taba, ba girki kusa, kuma tankin ruwa da famfo su kasance a shirye.

Mataki na 9: In gidaje kake nufi, mayar da shi gawayi

Ƙorafin hayaƙi da wari yana raguwa in an gasa fit ya zama gawayi. A cika durom ko tandun bulo da busassun tubala, a kunna daga sama, a bar ƙananan ramuka a ƙasa. Hayaƙin farko fari ne mai kauri, ruwa ke fita. Sai ya koma rawaya-rawaya. In ya yi siriri ya koma shuɗi, a toshe duk ramuka da laka a bar shi ya huce har gobe. Buɗewa da zafi na mayar da shi toka. Abin da za a samu kusan kashi ɗaya ne cikin uku na nauyin da aka zuba, kuma a tuna tokar ba ta raguwa, saboda haka lakar da ta fara da toka kashi 15 tokar gawayinta za ta doshi kashi 45.

Gawayin fit na da saurin farfashewa. A daka shi, a dama kokon rogo, kamar kilo 5 zuwa 10 a kowane kilo 100 na gari, a cakuɗa, a matse a injin curi, a shanya kwana uku zuwa biyar. Murhun da za a ƙona shi ya zama mai raga a ƙasa don toka ta zube iska ta shiga, in ba haka ba tokar ta shaƙe wutar. A kafa murhun makaranta da bututun hayaƙi. Kada a taɓa kwana da shi a rufaffen ɗaki, iskarsa mai guba ba ta da wari.

Mataki na 10: Rufe ramin

Tun ranar da aka fara haƙa ake ware kuɗin wannan, a asusu daban, don kamfanin da ya gama kwashe kaya ba ya dawowa da son ransa. A tsaya da saura aƙalla rabin mita na laka a ƙasa. A toshe magudanai da madatsun laka da katako, kowane 'yan mita goma, a fara daga sama a gangaro, har ruwa ya dawo daf da fuskar ƙasa. A dawo da ciyawar da aka tara a mataki na 6, a dasa saiwoyin ciyawar fadama daga yankin da ba a taɓa ba. Inda jama'a suka fi son shinkafa ko tafkin kifi, a yi shi da sharaɗin ruwa ya zauna shekara zagaye. A kafa bututun awo a wurare uku ko huɗu, wani daga ƙauyen ya riƙa rubuta tsayin ruwa duk wata, kuma kada a saki ragowar kuɗin asusun sai awon rani biyu a jere ya nuna ruwan bai sauka ƙasa da santimita 40 daga saman ƙasa ba.